Shanun Dutsen Habude Sun Shiga Kwamfuta

Duk lokacin da marubuta suka haɗu, da wuya a tashi ba a taɓo gardamar nan ta asalin rubutu a ƙasarmu ba. Wani ya ce a fara ƙirga daga gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda ta haifar da littattafan zube na farko cikin boko. Wani ya ce atafau, ai malamanmu sun daɗe suna rubuta waƙoƙi da ajami tun kafin Bature ya san hanyar Kano. To, kowanne yana da hujjarsa, kuma ba raba wannan gardama ce ta kawo ni ba. Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwa gare shi shi ne wani hannu da ya riga alƙalami da tawada da allo zuwa wannan ƙasa, watau hannun mutumin da ya tsaya gaban dutse ya zana saniyarsa, ya tafi ya bar ta, har ga shi yau muna kallonta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa zanen dutse rubutu ne irin namu na baƙaƙe da wasula, ko kuwa ina yi wa Bahaushe da'awar cewa kakansa ne ya yi shi. Ba haka nake nufi ba. Sai dai niyyar mai zanen da tamu ɗaya ce: mutum ne ya ga wani abu a rayuwarsa, ya ƙi yarda abin ya wuce ba tare da shaida ba. Saboda haka nake ganin duk wanda ya kira kansa marubuci yana da alhaki a kan waɗannan duwatsu, musamman yanzu da zamani ya kawo na'urorin da suka ɗebo hotunansu suka zuba a tafin hannun kowa.

Bari mu fara da na gida. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai duwatsu masu ɗauke da irin wannan zane, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Mafi yawan abin da aka zana shanu ne, kuma abin lura shi ne shanun ba su da tozo. Wasu dogayen ƙahoni gare su, wasu gajeru irin na muturu. Kowa ya san shanun da Fulani ke kiwo a wannan yanki a yau, bunaji ne da rahaji da gudali, duk masu tozo, masana kuwa sun tabbatar cewa marasa tozo sun riga su zuwa Afirka ta Yamma. Ke nan dutsen ya riƙe mana labarin wani garke da ya daɗe da barin wurin. Bernard Fagg, Baturen nan da ya yi aikin kayan tarihi a Jos, ya yi nazarin wurin a tsakiyar shekarun 1950. Ya rubuta bayani game da wasu duwatsu da ke kusa da zanen, waɗanda in an buge su da ƙaramin dutse sukan yi amo kamar kuge, ya kuma ambaci alaƙar wurin da al'adun aure, yadda amare kan je can lokacin biki. A Jihar Bauchi ma akwai zane a Geji da Shira. Waɗannan wurare suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya, wadda ke da 'yar cibiya a Birnin Kudu.

In aka nausa arewa, aka wuce Damagaram aka shiga ƙasar Azbin, sai a ga abin ya ƙara girma. A wani wuri da ake kira Dabus, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa guda biyu a jikin wani falalen dutse, babban ya haura mita 5. An fitar da kowane tabo na jikinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma daga bakin kowanne akwai wani layi da ya sauko zuwa ga siffar ɗan ƙaramin mutum. Masana na ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6,000 da 8,000, lokacin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. A duwatsun wurin kawai an ƙirga zane fiye da 800, har da rubutun Tifinag na Buzaye. Can gaba a Aljeriya kuwa, a tsaunukan Tasili, akwai zane fiye da 15,000, kuma hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya tun 1982. Tsaunukan Enedi na Chadi su ma sun shiga jerin a 2016.

Ni dai Birnin Kudu kaɗai na taka da ƙafata. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda zanen ya dushe. Na tsaya a inuwar dutsen ina ta dube-dube, ban ga komai ba sai jirwaye, sai da wani dattijo ɗan garin da ya raka ni ya ɗaga sandarsa daga nesa ya ce, "Malam, bi nan da ido, ga ƙaho, ga gadon baya, ga wutsiya." Sa'an nan ne saniyar ta fito mini, kamar yadda jinjirin wata kan bayyana bayan wani ya nuna maka shi da yatsa. Daga nan ya kai ni wurin dutsen da ke amo, ya ɗauki tsakuwa ya buga a gurabe dabam-dabam, kowane gurbi da irin muryarsa. Ya ce mini kakarsa ta wajen uwa ta ba shi labarin ranar da ƙawayenta suka rako ta wurin tana amarya. Na tambaye shi ko wani ya taɓa ɗaukar maganarsa a faifai ko a takarda. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, masu zuwa dutsen suke ɗauka hoto, ba ni ba." Wannan magana ita ce ta sa na zauna rubuta wannan ɗan bayani.

Zanen dutse yana da maƙiya da yawa. Ruwan sama yana bi ta jikinsa ya bar gishiri, rana da sanyi suna sa fatar dutse ta ɓare, zanzaro yana gina ɗakinsa a kai, jemagu suna ɓata shi, hayaƙin masu fakewa a kogo yana rufe shi. Amma ɗan'adam ya fi su duka ɓarna, kuma har da masu son zanen. Ayarin Henri Lhote, Bafaranshen da ya kwafi zanen Tasili a 1956 da 1957 ya sa duniya ta san shi, sun riƙa jiƙa zanen da soso don launin ya fito, aikin da daga baya aka gane yana cutar da shi. Wasu kuma sun riƙa bin sassaƙa da alli don hoto ya yi kyau. A 2009 an fesa fenti a kan zane masu dubban shekaru a tsaunukan Akakus na Libiya. A ƙasarmu kuwa kowa ya san masu fasa dutse don gini, da yaran da ba sa ganin falalen dutse su wuce ba su rubuta sunansu da gawayi ko fenti ba. Dutsen da ya jure wa damina dubu, nakiya ɗaya ta ishe shi.

To, a nan ne amfanin na'urorin zamani ya fito. A 1996 aka kafa wata ƙungiya a Nairobi ta Kenya, ƙarƙashin wani mai ɗaukar hoto da ake kira David Coulson, don kula da zanen duwatsun Afirka. Gajeren sunanta TARA, kuma sai ka ce Bahaushe ne ya raɗa mata, domin aikinta ke nan, tara hotuna daga Sahara har zuwa kudancin nahiyar. Da ita aka haɗa hannu a 1999 aka ɗauki siffar raƙuman dawan Dabus, aka zuba kwafinsu da alminiyam, aka kafa guda a filin jirgin saman Agadas. A 2013 kuma Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan ya fara aikin tsara hotunan ƙungiyar kimanin 25,000, kowanne da bayaninsa, ya sa su a intanet don kowa ya duba kyauta. Nijeriya da Nijar da Chadi duk suna ciki.

Ya kai mai karatu, ka auna abin da wannan ke nufi ga irinmu. A da, in kana son ganin raƙuman dawan Dabus, sai ka tanadi guzuri da mota mai ƙarfi da ja-gora, yanzu kuwa matsalar tsaro ta ƙara wa hanyar wuya. In kana son karanta abin da masana suka rubuta, sai ka nemi mujallar da babu ita ko a manyan ɗakunan karatunmu. Yau ɗalibi a Gumel ko Tasawa, in yana da waya da 'yan kuɗin data, zai iya jera saniyar Birnin Kudu da ta Enedi da ta Tasili a gabansa, ya kwatanta ƙahonsu da tsayuwarsu. Na yi dare da dama ina wannan aiki, ina buɗe hoto ina ƙara masa girma har in ga sawun abin da aka yi sassaƙar da shi. Wani abin da na lura da shi shi ne ƙaunar da masu zanen ke yi wa dabbobinsu. A wasu zanen na Sahara kowace saniya da irin roɗinta, kamar yadda makiyayi ke sanin kowace ɗaya a garkensa da kama da suna.

Bayan rumbun hotuna, akwai wasu kayan aikin da ya kamata marubuci ya san da su. Ɗaya ita ce manhajar DStretch, wadda wani Ba'amurke, Jon Harman, ya fitar a 2005, bisa dabarar da hukumar NASA ke amfani da ita wajen tace hotunan da aka ɗauko daga sama. Aikinta shi ne ta nemo ɗan bambancin launin da ido ba ya iya rarrabewa, ta zuzuta shi har ya fito fili. Jan da ya dushe ya saje da dutse sai ya tashi jawur, a ga ƙafa ko ƙaho ko wata dabba sukutum inda da ba a ganin komai. Har akwai irinta ta wayar hannu. Watau abin da soson Lhote ya nema, yanzu ana samunsa ba tare da an taɓa dutsen ba. Wata dabarar kuma ita ce a zagaye dutse ana ɗaukar hotuna masu yawa, kowanne ya hau kan gefen na kusa da shi. Kwamfuta sai ta nemo ɗigogin da suka maimaitu a hotunan, ta lissafa tudu da kwarin dutsen, ta gina siffarsa yadda za a iya juya shi ta kowace fuska a kan allo.

An ga amfanin wannan dabara a kudancin ƙasarmu. A yankin Ikom na Jihar Kuros Riba akwai duwatsu tsayayyu da aka sassaƙa da fuskar mutane, waɗanda wani jami'i, Philip Allison, ya ƙirga kusan 300 a farkon shekarun 1960. Daga baya da yawa suka salwanta. Da masana suka koma tun daga 2016 suna ɗaukar siffar waɗanda suka rage, suna kwatantawa da tsofaffin hotuna, sai aka gano cewa saman wani dutse yana wani gidan tarihi a birnin New York, gindinsa kuwa yana nan a ƙauyensu inda aka karya shi. Ba don tsohuwar ƙirga da sabon awo sun haɗu ba, da wa zai kafa wannan hujja?

Sa'an nan akwai rajistar haɗin gwiwa, irin su Arches, wadda cibiyar Getty da asusun kula da wuraren tarihi na duniya suka fitar kyauta a 2013. Ita kamar babban kundi ce da mutane da yawa ke rubutu a ciki lokaci guda. Kowane wuri yana da shafinsa: ga matsayinsa a taswira, ga hotunansa na bana da na bara, ga halin da yake ciki, ga abin da ke yi masa barazana. Mai gadi a ƙauye zai iya aiko da hoton tsagewar da ta bayyana bayan damina, jami'i a birni ya gani a ranar, masani a jami'a ya ba da shawara. Mu da muka tashi muka ga aikin gayya ba ma bukatar dogon bayani a kan wannan, domin mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma fa, jama'a, akwai giɓi, kuma a kansa nake so mu tsaya. In ka buɗe shafin wani zane a irin waɗannan rumbuna, abin da za ka tarar shi ne lamba, da sunan ƙasa, da ranar da aka ɗauki hoto, da irin dabbar da aka zana, da ko fenti ne ko sassaƙa. Duk da Turanci ko Faransanci. Aiki ne mai kyau, kuma ba na raina wahalar waɗanda suka yi shi. Sai dai da wuya ka ga yadda mutanen wurin ke kiran dutsen da dalilin sunan. Me ya sa aka ce Dutsen Mesa? Wa ke da ikon hawa, wa aka hana? Me iyaye ke gaya wa yara game da shi da dare? Wace waƙa ƙawayen amarya ke yi in sun isa? Hoto ba shi da kunne. Ko dutsen nan mai amo, in ka ɗauke shi hoto dubu ka gina siffarsa a kwamfuta, ba ka kama abin da ya sa ya zama abin da yake ba, tunda darajarsa a muryarsa take, da kuma hannun da ya san gurbin da ake bugawa.

Na gwada wani abu da ya ƙara tabbatar mini da haka. Na nuna wa wani Bafulatani mai kawo mana nono hotunan shanun Sahara a wayata. Ni abin da na gani shanu ne kawai. Shi kuwa ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya fara rarrabe mini su: wannan karsana ce, wannan ta haihu, dubi hantsarta, wannan kuma bijimi ne, ga yadda ya ɗaga kai. Da ya zo kan wata mai ƙaho ɗaya a sunkuye, ya ce ai wannan kamar da gangan aka lanƙwasa shi tun tana 'yar maraƙa. Ya tambaye ni ina tozonsu, na gaya masa abin da masana suka ce, ya jinjina kai ya ce, "Ashe mu ma baƙi ne." Wannan karatu da ya yi cikin 'yan mintoci babu shi a shafin ko ɗaya daga cikin hotunan. Ilimin yana nan a rugage da ƙauyuka, rumbun yana can a intanet, kuma babu gada tsakaninsu. Ga shi kuwa masu ilimin tsufa suke yi, kullum ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wa ya kamata ya gina wannan gada? Masanin kayan tarihi yana da awonsa da sinadaransa. Mai kwamfuta yana da manhajarsa. Amma zama gaban tsoho da ladabi, a bar shi ya yi ta kewaye-kewaye har ya iso kan magana, a rubuta abin da ya faɗa da irin lafazinsa ba tare da an kashe masa gishiri ba, wannan ai sana'armu ce. Mu ne muka san bambancin "an ce" da "na gani", mu ne muka san inda karin magana ke ɓoye tarihi. In muka bar wannan gurbi, ko dai ya zauna wayam har abada, ko kuwa wani ya cike mana shi da zatonsa.

Kafin in faɗi abin da nake ganin za mu iya yi, tilas in yi gargaɗi biyu. Na farko, ba duk abin da aka sani ake bazawa ba. Wayoyin yanzu sukan liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, ta hanyar tauraron ɗan'adam, ko da mai wayar bai sani ba. In ka baza irin wannan hoto a intanet, mai yiwuwa ka zana wa ɓarawo da maɓarnaci taswira ke nan. Shi ya sa masu lura da irin waɗannan rumbuna sukan ɓoye ainihin matsayin wurin da ba shi da mai gadi. Haka kuma akwai labarin da tsoho zai ba ka don ya yarda da kai, ba don duniya ta ji ba. 'Yan asalin Ostareliya sun daɗe da fuskantar wannan. A 2007 al'ummar Warumungu, tare da wata masaniya, suka fito da wani tsarin ajiya da ake kira Mukurtu, inda jama'ar da kansu ke yanke wanda zai ga me: wannan na kowa ne, wannan na mata ne kawai, wannan na dangi kaza ne. Mu da muka san zaure da tsakar gida da ƙuryar ɗaki, bai kamata wannan tsari ya zame mana baƙo ba.

Gargaɗi na biyu, kada mu ɗauka abin da ya shiga kwamfuta ya tsira ke nan. Saniyar Dutsen Habude ta ga ƙarnuka, amma wa a cikinmu ke iya buɗe faifan da ya ajiye rubutunsa a ciki shekaru 25 da suka wuce? Shafukan intanet suna mutuwa in kuɗin tallafi ya ƙare, kamfanoni suna canza sharuɗɗa, waya tana faɗawa ruwa. Ga kuma tambayar mallaka. In kwafin gadonmu guda ɗaya tak yana wata ƙasa, to ranar da mai rumbu ya rufe ƙofa sai mu koma roƙo. Kowa ya san kwanan wanda ya hau tabarmar aro. Saboda haka duk abin da aka tara, a bar kwafi a gida: a jami'o'inmu, a cibiyar hukumar tarihi, a fadar hakimi in ta kama, har da bugu a takarda. Kuma kada kyawun hoto ya sa a yi sakaci da dutsen kansa, a ce ai an riga an ɗauka. Hoton mahaifi ba ya hana a kai shi asibiti.

To, me ƙungiya irin tamu za ta iya? Ba sai mun jira tallafi daga waje ba. Kowane reshe yana iya zaɓar dutse ɗaya da ke kusa da shi. A fara da neman izinin hukuma da na masu gari, a je da 'yan mutane kaɗan. Kada a taɓa zane, kada a jiƙa shi, kada a bi shi da alli, kada a hura wuta kusa da shi. A ɗauki hoto da hasken safe ko na yamma, a ajiye ma'auni a gefe ba tare da ya jingina da zanen ba. Sa'an nan a juya wa dutsen baya a fuskanci mutane. A zauna da dattawa maza da mata, da makiyaya da mafarauta, a ɗauki muryarsu bayan sun yarda, a rubuta ranar da wurin, a tambaye su abin da suka amince a fitar da abin da suke so a rufe. In akwai dutse mai amo, a ɗauki muryarsa. Abin da aka amince a fitar, a sa hotunansa a Wikimedia Commons, a rubuta bayaninsa a Wikipedia ta Hausa, a kuma buga shi a shafukan wannan mujalla, domin yaron Birnin Kudu ya karanta labarin dutsen garinsu da harshen da uwarsa ke yi masa magana.

Ga matasan marubuta kuwa ina da wata 'yar nasiha. Aikin rajista dabam, aikin ƙaga labari dabam. In kana cike kundi, ka ware abin da idonka ya gani, da abin da tsoho ya faɗa, da abin da masana suka rubuta, kowanne a gurbinsa, kada ka ƙara ko ɗigo don labari ya yi daɗi. Ƙarya guda in ta shiga rumbun da dubban mutane ke kwafa daga ciki, fitar da ita ya fi cire ƙaya daga ƙafar jaki wuya. Amma in ka koma teburinka ka ɗauki alƙalamin ƙagawa, to fili naka ne. Mun cika kasuwa da labaran soyayyar birni, alhali ga yarinyar da ke tatsar saniya marar tozo a bakin wani tafki da ya ƙafe tun kafin a gina ganuwar Kano, ga saurayin da ya shafe watanni yana fitar da tabon raƙumin dawa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ba su baki. Hotunan suna nan kyauta, sai mai son dubawa.

Na san akwai 'yan'uwa da zuciyarsu ba ta kwanta da maganar surori ba, kuma ina girmama wannan. Abin da zan ce shi ne babu mai kiran kowa ya girmama dutse. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa kufan mutanen da suka shuɗe wa'azi ne ga na baya. Wanda ya ga raƙumin dawa a tsakiyar hamada, inda yau ko akuya sai da wahala, ya san cewa ƙasa tana juyawa, ni'ima tana zuwa tana tafiya. Mu da hamada ke matsowa gonakinmu kowace shekara, mun fi kowa bukatar wannan darasi.

Na'ura ta yi nata, ta kawo mana duwatsun Afirka har ɗaki, ta kuma buɗe kundin da kowa zai iya sa hannu. Sauran aikin na masu harshe ne, kuma yana da wa'adi, domin fenti yana dushewa, masu labari suna tafiya. Ina roƙon shugabannin rassanmu su sa wannan magana cikin ajandar taro na gaba, ko da dutse ɗaya ne a shekara. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da muka tarar, ya sa mu miƙa ta ga na bayanmu da ƙari, amin.